Inda Ƙafarsa Ta Saba

Mijina ya yi shekara da shekaru bai hau babur ba. Sai da ya yi ritaya daga kamfanin kwalba, suka karɓe motarsu, sannan ya tuna wai shi ma gwani ne a da. Lokacin samartaka Guguwa abokansa suke ce masa, kuma ni shaida ce sunan ya dace da shi, don a bayansa na fara sanin mutum na iya addu'a yana dariya. Yanzu kuwa guguwar ta yi furfura, ta ajiye tumbi, sai ta dafa bango take saka takalmi. Duk da haka Malam ya je ya sayo wani ƙaramin babur na hannu mai ƙara kamar injin markaɗe, ya ce na zuwa kasuwa ne. Na yi masa tsiya har na gaji, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Abin haushin ma, ba a jima ba hannunsa ya dawo, ya riƙa shiga lungu yana fita kamar bai taɓa dainawa ba.

Ana nan na zame a banɗaki, ƙuguna ya karye, aka yi mini aiki aka sa ƙarfe. Likita ya ce sai na riƙa zuwa gashin ƙashi a kai a kai, in ba haka ba ƙafar ta sandare. Gidanmu kuwa a ƙarshen gari yake, inda kwalta ta ƙare. In ka kira mai tasi sai ya ce ga shi nan, ka yi ta zaman jira har rana ta take. Ƙaramin babur ɗin Malam kuma kujerarsa ta yi mini tsawo, na yi na yi in ɗaga ƙafa na kasa, har hawaye suka zubo mini a ƙofar gida.

Babban ɗanmu ya zo da maganarsa a shirye. Gidansa na can ƙetaren gari kusa da asibitin, akwai gado a ɗakin 'yan matansa, in koma can har in warke. Ban ga laifinsa ba, yaron nan tausayina yake ji. Amma na san irin wannan "har ki warke" ɗin. Ƙawata haka aka ce mata, yau jikokinta sun ɗauka a ɗakinsu aka haife ta. Kuma Malam ba mutumin da zai kwana a gidan ɗansa ba ne, ko da akwai wurin, balle babu. Tun da aka kawo ni gidan Malam ban taɓa kwana nesa da tarinsa ba sai in asibiti ta riƙe ni. Ba na so in tafi, kuma na faɗa ƙarara.

Malam ya ce a ba shi lokaci kaɗan. Ya kai ƙaramin babur ɗin wurin dillali, ya yi ciko, ya dawo da wani baƙi mai ƙasa-ƙasa, irin wanda ake zama a kai kamar a kujerar falo. Kujerarsa faffaɗa ce mai laushi, ga majingina a baya, ƙarar kuma a nutse take, ba ta tsorata kaji. Matakan ƙafa suna can gaba kusa da taya, don haka da ya zauna sai ya miƙe ƙafafu kamar mai jiran a yanke masa farce. Na yi dariya har ƙuguna ya amsa. Amma da na dafa kafaɗarsa na gwada, sai ga ni zaune ba tare da na cije leɓe ba. Bakin Malam har kunne.

Yaron ya zo ya zagaya babur ɗin, ya latsa taya, ya sa ubansa ya yi ta kewaya filin makarantar bayan gidanmu, shi kuwa yana tsaye ya harɗe hannu kamar mai ba da lasin. Malam ya sha mur amma ya yi. A ƙarshe yaron ya sayo mana hular kwano biyu, ya ce ya amince, sai dai ranar da aka sami ko ƙwarzane, magana ta ƙare.

Tafiyoyin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Yakan ajiye ni a ƙofar sashen gashin ƙashi, in shiga in kama ƙarafan nan biyu ina jan ƙafa, a ɗora ni a keken da ba ya zuwa ko'ina, a haska mini fitila mai zafi a ƙugu. Shi kuwa yana waje ƙarƙashin bishiya yana goge tanki da tsumma. Mai gashin, wata doguwa mai bakin tsiya, da ta hango shi ta taga sai ta ce in yi sauri, angona ya gaji da jira.

Ranar da abin ya faru muna dawowa ne, daidai layin masu katako. Wani mai baro ya ɓullo daga tsakanin motoci biyu, ya ɗauko dogayen katakai sun tokare rabin titi. Gwiwata na jingine da cinyar Malam, don haka kafin idona ya gani jikina ya ji. Ƙafarsa ta dama ta bar matakinta, ta dawo baya, ta taka ƙasa da ƙarfi inda babu komai. Na ji takalminsa ya kurje kwalta. Babur bai rage gudu ba. Ya sake takawa a wurin, sannan ya damƙi birkin hannu gaba ɗaya. Babur ya durƙusa, hulata ta daki bayansa, wani zafi ya tsarga mini daga ƙugu har tsakar ka. Muka tsaya bakin katakon na kusa da ƙirjinsa.

Malam ya balbale mai baro da faɗa, mutane suka taya shi, kowa ya ce mai baro ne da laifi. Ni dai na san abin da gwiwata ta ji. Duk baburan da ya hau a duniya, har ƙaramin nan na kwanan baya, birkinsu a ƙarƙashin ƙafa yake, kana saukar da ita ka taka. Wannan kuwa nasa na can gaba, sai ka miƙa. Ga shi su mutanen zamaninsu an koya musu birkin hannu kayar da mutum yake yi, ba a taɓa shi sai ido ya raina fata. In hanya lafiya lau, Malam na tuna inda sabon birkin yake. Da ya firgita, ƙafar ba ta tambaye shi ba.

Muna isa gida yaron ya kira. Malam ya tsaya yana goge madubin da ba shi da ko ɗigon ƙura, kunnensa na wajena. Na ce mun dawo lafiya, mai gashi ma ta yaba. Na kashe waya da sauri, don ban saba yi wa yaron nan ƙarya ba.

Da muka shiga ɗaki na ce, "Malam, na ji ƙafarka."

Ya ce yashi ne a kan titi, taya ta ja. Na ce yashi ba ya cinye dunduniyar takalmi, ga shi nan a bakin ƙofa ya je ya duba. Ya tashi da faɗa, wai tun kafin in iya ɗaura zane yake tuƙi. Na ce ai shi ne abin da nake tsoro. Ranar shayinsa ya huce a kofi bai sha ba.

Washegari ya kai babur wurin bakanike a kan a dawo masa da birkin baya. Bakaniken ya ce sai an yanka an yi walda, shi kuma ba zai ɗora ran mutum biyu a kan birkin walda ba. Malam ya dawo bai gaya mini ba, matar bakaniken ce ta faɗa mini da ta zo duba ni.

Daga nan ya shiga koya wa ƙafarsa karatu. Kullum da yamma sai ya kafe babur a tsakar gida, bai tayar da inji ba, ya hau, ya kama hannun babur ɗin, ya yi ta miƙa ƙafa yana takawa. Ina jin ƙarar ƙarfen daga kicin, ƙyas, ƙyas, har zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Dattijo guda yana wannan saboda kada a raba shi da matarsa. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na buɗe baki tun farko. Ya ce mini ƙafar ta koya, ko cikin barci aka tashe shi zai samu birkin. Na so in yarda, Allah ya sani na so.

Ana gobe za mu koma asibiti, ina tsaye a ƙofar kicin da faranti babba na ƙarfe a hannuna, shi yana kan babur ya ba ni baya yana ta takunsa. Na daɗe ina kallon faranti ina kallon ƙeyarsa. In na ajiye shi a hankali, gobe mu tafi, wataƙila mu dawo lafiya, wataƙila mu yi ta dawowa lafiya. Amma ba ni kaɗai ce a kan babur ɗin ba, kuma katakon nan ƙirjinsa ya nufa, ba nawa ba. Na ɗaga farantin na sake shi a kan siminti.

Ƙarar ta cika gidan. Ƙafar Malam ta dawo baya ta doki ƙasa, har takalmin ya fice.

Farantin ya gama juyawa ya kwanta. Malam bai waiwayo ba, yana kallon ƙafarsa a kan siminti. Na yi zaton zai yi faɗa, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Can ya sunkuya ya ɗauki takalmin.

"Da gangan kika yi."

"Da gangan na yi, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in miƙo masa waya, shi zai kira yaron da kansa.

Da safe motar ta zo. Malam ne ya fito da jakata, ya koma ya ɗauko sandata da matashin da nake sawa a ƙugu, yana ta ba yaron umarni a kan ramukan hanya kamar yau ya fara zuwa unguwar. Yaron bai tambayi abin da ya faru ba, mu ma ba mu faɗa ba. Na ce wa Malam in zai zo duba ni ya nemi tasi, ko zai wuni yana jira. Ya ce to, irin "to" ɗin da na san ma'anarsa, ya ƙara da cewa shi kaɗai ai ba komai.

Ba mu kai ga kwalta ba na ji ƙarar nan mai nutsuwa a bayanmu. Na juya da ƙyar. Yana biye da mu, hula a ka, majinginar bayansa ba kowa, hulata na rataye a jikinta tana lilo. Yaron yana ta ba ni labarin yadda 'yan mata suka gyara mini gado, ni kuwa wuyana ya ƙage wajen kallon baya. Har muka wuce layin masu katako idona na kan ƙafarsa ta dama.