Shayin Indo da Barcin Ummul Khairi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, Kaka.

A Guna akwai wata tsohuwa Indo, da jikarta Ummul Khairi, 'yar lakwal, wato makarantar boko. Yarinyar nan ana cikin magana sai ta ƙame, ido buɗe, ludayi a hannu, ka kira ta shiru. Jim kaɗan ta dawo, ba ta san an yi ba. Mushe, malaminsu, ya ce ba ta bin karatu. Ubanta Yakuba ya ce iska ce, daga wannan hutu ta bar lakwal ke nan. Indo ta ce ba dai tana raye ba.

Sai aka ji wata likitar ƙwaƙwalwa, Lubna, ta zo Damagaram daga Yamai da na'urar awon kai, ran Alhamis da la'asar za ta koma. Aka ce a rage wa yarinya barci, don in an manna mata wayoyi ta yi shi a gaban na'ura.

To, Indo ba ta aiki rabi. Ran Alhamis ɗin suka kama hanyar Damagaram. Da ta ga jikarta na gyangyaɗi a tasha, ta sa mai shayi ya ba ta zubin farko, mai ɗacin nan. Har ta ƙara mata.

A asibiti aka manna wa yarinya wayoyi, aka ja labule. Ido tar, kamar na mage.

"Inna, me ta sha?" in ji likita.

"Shayi, 'yar nan. Ba ku kuka ce a hana ta barci ba?"

Likita ta dafe kai, dariya ta ƙwace mata. Indo kuwa ta leƙa waje, ga azahar ta gota.

"Ji nan, Inna. A tsakiyar kai akwai wani wuri, talamus muke ce masa. Zauren ƙwaƙwalwa ne, abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji ta nan suke bi. Ƙwayoyinsa na da 'yan ƙofofi, su buɗe gishirin jiki ya shiga su buga, su rufe su huta. Akwai bugu mai sauri, akwai wani can ƙasa mai nawa ƙwarai, kamar rijiyar da aka ɗebe ana jira ta taru. Wasu ƙwayoyin da ke musu hidima su ke sako abin da ke lallashinsu, shayi kuma shi yake tare wa hanya. Ina zaton nata ƙwayoyin kan haɗa baki su rufe zaure da rana tsaka. Amma na sa ta ta yi ta hura iska, ciwon bai fito a na'ura ba. Saura barci."

Cikin duk wannan, kalma ɗaya Indo ta riƙe.

"Lallashi? Ai sana'ata ce. Zo nan, ƙawata."

Ta kwance mayafi, ta duƙa, ta goya ƙatuwar yarinya.

"Kaka, ƙafafuna na jan ƙasa! Mutane za su gani!"

"Rufa min baki, tsohuwa. Wa ya goya ubanki?"

Ta shiga kai da komo a ɗan ɗakin, a hankali, a hankali, tana bubbuga ta ta baya, likita na biye tana riƙe da wayoyi kamar mai riƙe wutsiyar saniya. Gwiwoyin Indo suka fara kuka, ba ta tsaya ba. Can ta ji kai ya yi nauyi a kafaɗarta. Suka sauke ta bisa gado kamar ƙwai.

Layukan na'ura suka lafa, suka yi faɗi, sai ga wasu sun miƙe tsaye a jere kamar haƙoran zarto.

"Ga shi nan," in ji likita ƙasa-ƙasa. "Ƙaramar farfaɗiya ce. Akwai magani, kuma da yawa in sun girma takan bar su."

Indo ta zauna daɓas a ƙasa. "Alhamdulillahi. To, ni wa zai goya ni zuwa tasha?"

Likita ta koma Yamai da na'urarta. Yakuba ya yi ta gunaguni, amma shi ke zuwa karɓo magani. Ummul Khairi ta koma lakwal, ƙamewar ta yi sauƙi. Indo ta yi jinyar baya, ta warke, har yau ba ta yarda laifin shayi ne ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.