Hannun Uwa

Auta ba ta taɓa riƙe sitiyari ba tun da aka haife ta, amma ita ce mai koya wa motoci tuƙi. Aikinta ke nan a wani ɗan kamfanin haɗa gem, wato wasan kwamfuta, da ke saman shagon masu sayar da tayal, ɗaki biyu da fanka mai kuka, inda ita da abokan aikinta suka fi shekara suna fama da gem ɗin tsere guda ɗaya. Motocin cikinsa ma ba motocin kirki ba ne. 'Yan mitsi-mitsi ne marasa rufi, cikinsu na shafar ƙasa, direbobin kuma dabbobi: akuya, jimina, kunkuru, da wani ƙadangare mai baƙin gilashi wanda mai zanen kamfanin ya rantse ba manajansu ya zana ba, ko da yake kowa ya ga kamar.

Nata aikin shi ne wanda ido ba ya gani. Ita ke tsara yadda taya za ta kama hanya, da yadda mota za ta zame a kwana, da kuma abin da masu sana'ar ba sa son faɗa a bainar jama'a, wato ƙaryar da gem ke yi wa mai wasa don kada ya yi fushi ya kashe. In an bar ka a baya, motocin gaba sai su ɗan saki totur a ɓoye har ka cim musu. In ƙaramin yaro ne ke wasa, akwai wani taimako da Auta ta rubuta wanda ke danna masa totur, ya kuma karkata masa sitiyari kafin ya daki bango. A ofis suna ce masa hannun uwa. A gem ɗin da za a sayar, wata 'yar alama ce ke fitowa a kusurwa ta nuna an kunna shi. A kwamfutar Auta kuwa, tana iya ɓoye alamar, ta kuma ƙara masa ƙarfi yadda ta ga dama.

Mahaifinta shi ne direban gaske. Tun kafin a haife ta yake ɗaukar 'yan makaranta a ƙaramar bas ɗinsa, ya kai su da safe ya dawo da su da rana, har wasu da ya ɗauka suna da majina a hanci yanzu 'ya'yansu yake ɗauka. Wata safiya yana duba ruwan mota sai murfin lagireto ya suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka bai tashi ba. Shanyewar ɓarin jiki ne, ɓangaren hagu. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, bakin ma ya miƙe, amma hannun ya ƙi. Aka lulluɓe bas da tamfol a tsakar gida, shi kuma aka ajiye shi a kujerar falo, yana kallon tamfol ɗin ta taga daga safe har yamma.

Likitar da ke masa gashi ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Baba ya jujjuya shi, ya wurga ƙarƙashin kujera.

"Ni kyanwa ce da za a ba ni ƙwallo?"

Ya daina hira, ya daina tsokanar Mama a kan gishirin miya, kuma duk wanda ya san gidan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran Auta ya ɓaci matuƙa, don mutumin da ta sani da surutu har a bakin abinci ne ya koma ana tambayarsa yana ɗaga kafaɗa. Ranar da ta dawo daga aiki ta jona kwamfutarta da talabijin, ba ta da wata dabara a zuciya illa ta ga yatsunsa sun motsa.

"Baba, a ofis an ce in nemo ƙwararren direba ya gwada mana. Ni kuwa kai kaɗai na sani."

"An rasa mai hannu biyu ne a garin?"

"Masu hannu biyun duk ganganci ne da su."

Ya yi tsaki, amma ya karɓi hannun gem ɗin. Ta nuna masa: dama ke ba da wuta da birki, babban yatsan hagu shi ne sitiyari. Ya zaɓi kunkuru, ya ce yanzu tafiyarsu ɗaya. Da ta ga yadda yatsan ke karkarwa a kan madannin, yana zamewa yana dawowa, sai ta juya kwamfutar wajenta kamar mai gyara sauti. Ta kunna hannun uwa, ta ɓoye alamar.

Ya zo na kusa da ƙarshe, ya wuce akuya kawai. Amma ya yi dariya, irin tasa ta da mai girgiza kafaɗa, har Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

Daga nan abu ya zama na kullum. Auta na shigowa, ko takalmi ba ta cire ba, za ta ji "Jona mana!" Baba yana tsere ne irin na dattawa: sai ya yi hon kafin ya wuce mota, kuma duk kwalbar baƙin man da gem ya ba shi don ya zubar wa na baya su zame, haka zai riƙe ta har ƙarshe.

"Jefa mana, Baba, don haka aka ba ka!"

"In zubar da mai a titi? Wa ya koya miki wannan mugunta? A ce 'yar direba ce ta haɗa wannan!"

Duk ranar da ya tashi a gajiye ya dawo baya, fuskarsa ta canza, sai Auta ta ƙara wa hannun uwa ƙarfi kaɗan, ta sa motocin gaba su ƙara sassauci. Kaɗan ne kawai, haka take ce wa kanta kowane lokaci. Ya koma tsakiya, ya shiga sahun gaba, wata rana kunkuru ya ɗaga kofi, Baba ya sa aka kira masa yayan Auta a waya don ya ji da kunnensa. Ita kuwa a fuskar kwamfutarta layi biyu take gani, ɗaya na abin da yatsansa ya yi, ɗaya na abin da gem ya yi masa. Na farkon da ƙyar yake motsi. Takan rufe shafin da sauri.

Wata Juma'a ta dawo ta tarar an yaye tamfol. Bakanike ya zo ya sa sabon batir ya tafi, Baba na tsaye yana wanke gilashin gaba da hannun dama, hannun hagu na rataye, kumfa har gwiwar wandonsa.

"Na kira shugabar makaranta," ya ce, bakinsa har kunne. "Litinin ake dawowa daga hutu. Na ce ta sallami wanda suka ɗauka na wucin gadi, mai motar ya dawo."

Auta ta tsaya cak. "Likita ta yarda?"

"Likita ta taɓa ganina a kwana? Ke kin gani. Wannan kwanar ta bakin rijiya a gem ɗinku, da wane hannu nake shanta? In yatsa ɗaya zai iya wannan, sitiyari da giya wasa ne."

A kicin ta faɗa wa Mama komai, murya ƙasa-ƙasa, famfo na zuba don kada a ji. Mama ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Kin kyauta, kuma ba ki kyauta ba," ta ce. "Mu ɓoye makullin."

"Zai sa a yanko wani, Mama. Kin san shi."

"To sai ki je ki faɗa masa. Ni dai ba zan iya kallon idonsa ba. 'Ya'yan mutane ne zai cika mota da su, Auta."

Ta sani. Tun a tsakar gida take ganinsu a ranta, da jakunkunansu da gorunan ruwansu, da babban titin da ake tsallakawa kafin a kai makarantar. Ta kuma san in da baki ta faɗa, ba zai yarda ba, cewa zai yi Mama ce ta zuga ta. Mutumin da ya ga kofi da idonsa, sai dai a nuna masa da ido.

Washegari da hantsi ya kira ta kamar kullum. Ta jona, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Aka ƙirga, motoci suka tashi. Suna gab da kwanar farko ta ce, "Baba, ajiye hannun gem ɗin a kan tebur."

"Ana tsere?"

"Don Allah ajiye."

Ya dube ta, ya ga fuskarta, ya ajiye.

Kunkuru bai tsaya ba. Ya sha kwanar lafiya lau, ya bi ta gefen jimina ya wuce, ya haye gadar katako ba tare da ya goga ko ƙusa ba. Da ya iso kwanar bakin rijiya, wadda Baba ke alfahari da ita, sai ya karkata daidai inda ya saba karkata. Hannun gem na kan tebur kusa da kofin shayi, babu mai taɓa shi. Haka suka zauna suna kallo har aka gama. Kunkuru ya hau dandamali yana tsalle da kofi, kiɗan nasara ya cika falon.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

"Tun ranar farko."

"Ko sau ɗaya ba ni ba ne?"

Ƙarya na nan a bakinta, ƙarama mai sauƙi, irin wadda ta ƙware a kai. Ta haɗiye ta. "Ko sau ɗaya, Baba. Don ƙananan yara na yi shi. Na ga ka yi dariya ne, sai na kasa kashewa. Ka yafe mini."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗauki hannun hagunsa da na dama, ya ɗora a cinya, ya daɗe yana kallonsa.

"Cire shi. Duk abin da kika sa, cire. Ba ni motar yadda take."

Ta kashe komai.

Kwanar farko ya daki bango. Ya ja da baya, ya sake dukan bangon. A gadar katako ya faɗa ruwa, gem ya ɗauko shi ya mayar kan hanya, ya sake faɗawa. Sauran motocin, da yanzu ba mai ce musu su sassauta, suka zagayo suka wuce shi, har akuya. Auta ta so ta tashi ta bar falon, amma ta ga ba ta da wannan ikon, tun da ita ta jawo. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Sai ta lura ya daina neman tsere. Yana taka birki tun daga nesa, yana lallaɓawa, yana tura yatsan da dukan kafaɗarsa kamar mai tura ƙofar da ta cije. A haka ya haye gadar. A haka ya iso bakin rijiya, a hankali, taya ɗaya na taɓa ciyawa, ya sha kwanar bai daki komai ba.

"Kin gani?" ya ce, numfashinsa sama-sama. "Wannan tawa ce."

"Taka ce, Baba." Hawaye ya riga ya zubo mata.

Tutar ƙarshe ta bayyana can nesa. Ya gyara zama, ya saita motar a tsakiyar hanya. Sai allon ya dushe, kunkuru ya daskare a inda yake, rubutu ya fito da manyan baƙaƙe cewa an gama tsere.

"Me ya faru? Wuta ce?"

Auta ta dafe baki. Ta manta da wannan doka, ga shi kuwa ita ta rubuta ta da hannunta tun farkon aikin: in sauran motoci sun gama, ana ɗan jira kaɗan ne a rufe tseren, don kada a ajiye masu sauri suna jiran mai nawa. A taron ofis har yaba mata aka yi. Baba bai taɓa cin karo da ita ba, don bai taɓa zama na ƙarshe ba.

Ta yi masa bayani cikin in-ina. "Yanzu zan cire ta, Baba, ba wuya. Sai ka sake, ka ƙarasa."

"Bar ta. Haka kuka tsara abinku." Ya ajiye hannun gem ɗin a hankali. "Ni dai a tawa motar ina jira. Miƙo mini waya."

Ya lalubo lambar da hannun dama. Auta na zaune a ƙasa tana jin muryar shugabar makarantar ƙasa-ƙasa, tana murna, tana cewa yara sun ƙosa su gan shi. Ya bar ta ta gama.

"Malama, kada ki sallami yaron nan. Ba zan dawo ba. A'a, lafiya lau, hannun ne bai kai ba." Ya share wuyansa da gefen riga. "Abu ɗaya za ki faɗa masa. Akwai 'yar gidan da ke bayan injin niƙa, kakarta ce ke shirya ta, tsohuwar kuma ba ta da sauri. In ya yi hon bai gan ta ba, ya kashe mota ya jira. Tana fitowa."