Takardar Huzaifa

Hasiya na cikin tankaɗe da rana tsaka, rediyon da ke rataye a darni ya sake kwaɗa kiran sunan: "Huzaifa da ƙwallo! Huzaifa ya wuce mutum biyu!" Tsigar jikinta ta tashi. Shekara bakwai ke nan da ƙyanda ta kashe Huzaifa, aka binne shi a bayan garin Matankari.

Wanda ke gudu a filin can wansa ne, Abdulmajid, ɗanta na fari. Shekarunsa sun haura na masu buga wasannin share fagen gasar matasa ta ƙasashe, shi ne kawunsa Iro, sarkin dabara, ya zaro takardar haihuwar mamacin daga adaka ya miƙa masa. Yau ne wasan ƙarshe na rukuni.

Abin da ke cin ran Hasiya daban ne. Tun da yaron ya tafi Yamai, in ya kira waya sai ta ji yana in'ina. Abdulmajid bai taɓa in'ina ba. Huzaifa ne mai yi.

Sallamar Iro ta katse ta. Bayansa wani baƙo ne da jaka, ya sauko daga kabu-kabu.

"Yaya, daga hukumar ƙwallo ankat turo shi," in ji Iro, yana ta ƙifta mata ido. "Wata ƙasa ta kai ƙara. Tambaya guda ta, ba wuya."

Baƙon ya zauna a bakin tabarma, ya buɗe littafi. "Baba, an ce kin haifi maza biyu, ɗaya ya rasu. In wanda ke fili ba Huzaifa ba ne, za a kore shi, a kori ƙungiyar duka. Wanne ya rasu?"

"Babban," ta ce, murya can ƙasa.

"Sunansa nake so daga bakinki."

Shekara goma sha tara Hasiya ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ɗan fari ne. Ko ranar da ya faɗa rijiya, "wancan yaron" ta yi ta ihu. Yau kuma, karon farko, a cikin matattu ake so ta kira shi. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a ranar jana'izar.

Iro ya yi gyaran murya.

"Abdulmajid," ta ce. Sunan ya yi mata ɗaci a baki.

"Allah ya jiƙansa," in ji baƙon, ya rubuta.

Bai rufe littafin ba rediyo ya ɓarke da ihu. Huzaifa ya ci! Da ƙafar hagu, in ji mai sharhi, kamar da ita aka haife shi yana bugu. Iro ya daka tsalle, baƙon ma ya yi murmushi.

Hasiya dai ba ta motsa ba. A 'ya'yanta biyu, ɗaya ne bahago, kuma ita ta rufe masa ido da hannunta.