Iskar Maiduguri, Tagar Gashuwa

"Ba zan sauya titin sauka ba," in ji Fanne.

Ta faɗa ne ta na'urar magana da ke maƙale a kunnenta. Jirgin saman nata na cikin kwamfuta ne, a ɗakinta a Gashuwa, amma masu sauraron mutane ne na gaske, matuƙan wasa daga ko'ina a ƙasar. Wanda ke riƙe da hasumiyar filin jirgin Maiduguri a wasan, mai ba jirage umarni, kuwa ɗan baffanta ne, Madu, yana zaune a shagonsa a Nguru. Shi ya tsaya mata aka ba ta gwajin yau. In ta sauka lafiya, ta shiga ƙungiyarsu ta matuƙa.

Madu ya maimaita umarnin da Turancin aiki: hadari ya taso, iska ta juya, ta kewaya ta sauka tana fuskantar gabas, don jirgi iska yake fuskanta in zai sauka.

Fanne ta leƙa taga. Ganyen darbejiyar tsakar gida na kaɗawa a hankali, iskar yamma ce kamar kullum bayan la'asar. Ita da ta tashi a bakin ruwan Dagona, kakanta na nuna mata yadda ake gane iska kafin a tura kwalekwale? Titi ɗaya ta shirya wa, ta haddace komai nasa, ba ta ko buɗe taswirar ɗayan ba.

"Ina ganin iskar da idona," ta ce.

Nan Madu ya ajiye Turanci. "Ke Fanne! Tagar gidanku kike kallo? Wasan nan da yanayin Maiduguri yake aiki! Can hadari ke fara sauka kafin ya iso ku."

Wani ya yi dariya a layin. Gaskiya ce, ta kuma san haka tun ranar farko. Amma ta riga ta faɗa a gaban mutane.

"Zan sauka a haka, Yaya."

Iskar ta tura jirgin ta baya. Titi yana ta ƙarewa, tayoyi sun ƙi taɓa ƙasa. Da suka taɓa, birki bai isa ba. Jirgin ya zarce cikin ciyawa ya tsaya a karkace.

Ƙawarta Rahima, da ke gefe tana tsintar shinkafa, ta matso da sauri. "Kashe datar, malama matuƙiya! Ki ce sabis ne ya ɗauke. Wa zai musa? Gashuwa ce fa."

Kowa na yin haka. Yatsan Fanne har ya kai kan wayar da ke ba kwamfutar data. Ta janye shi.

"Hasumiya," ta ce, "na fita daga titi. An ba ni umarni na ƙi."

Ta zauna a layin har ƙarshe. Ta ji ana juya jiragen da ke bayanta saboda ta tare hanya, ta ji shugaban ƙungiya na tambayar wa ya kawo ta, ta ji Madu ya ce, "Ni ne."

Sai da aka kira magariba hadarin ya iso Gashuwa, ya bugo tagar daga gabas. Ba ta tashi ta rufe ba.

Ƙungiya ba ta ɗauke ta ba, kuma an hana ta sake gwaji sai baɗi. Madu ma an karɓe masa hasumiya. Har damina ta wuce bai ɗaga wayarta ba.