Bishiyoyina a Makokin Surukin Firmin

Ni Odile Sonkeng ban yi boko ba, amma na san bishiyar Kirsimeti ba doya ba ce da za a tura ƙarƙashin gado. Ranar da ka sare ta, ranar ta fara mutuwa. In ta isa Duwala da ɗanyen ganye da ƙamshinta, matan ma'aikata har rububi suke yi, kwana kaɗan ka samu abin da gonar wake ba ta ba ka a shekara. In kuwa Kirsimeti ta wuce, ko kyauta ka bayar sai a ce ka biya mai kwashe shara.

A bayan gidana a Bafou nake shuka su. Ni ke yi musu aski su yi tsini, ni ke korar awaki. Bara na sare duk wadda ta isa sara, har da na shinge, domin rufin ɗakina ya zama rariya, na kuma rantse damina ba za ta sake samuna ina kwana da bokiti a kan gado ba.

Sai ga Firmin, ɗan ƙanena, mai motar ɗaukar kaya. Yaron da na goya, ya yi mini fitsari a baya. Amma da mahaifinmu ya rasu shi aka ɗora a kujerarsa, ya gaji suna da hula. Tun daga ranar Baba nake ce masa, in ya shigo in miƙe tsaye.

"'Yata," in ji shi, "ina raye za ki ba bare kuɗin mota?"

Aka loda masa bishiyoyi. Ni na riga shi tafiya a bas don in kama wurina a shataletalen Duwala inda nake kasa kaya, don in ka makara wata ta shimfiɗa buhunta a nan, sai dambe. Na kama wuri, na zauna a kan buhu babu kaya. Maƙwabtana suna ta ciniki. Matan da suka saba saye a wurina suka zo, suka dawo, suka gaji, a kan idona suka tsallaka titi suka sayi na roba. Duk sanda na kira shi sai ya ce suna hanya. Wace irin hanya ce ake jin ganguna da harbin bindiga a bayanta?

Ashe bikin makokin surukinsa ake yi a Santchou, a bakin hanyar Duwala. Mazajen 'ya'yan mamacin suna gasar wa zai fi ƙawata wuri. Wani ya kawo rumfuna, wani ya kawo makaɗa, shi kuma ya duba bayan motarsa. Ya sa aka kafa bishiyoyina jere, dama da hagu, tun daga kwalta har ƙofar gida, aka rataya musu hoton mamaci. Wai aron yini ɗaya ne. Giya ta shiga, yini ya zama kwanaki.

Washegarin Kirsimeti ya iso, kaya sun yi ja kamar tsohuwar tsintsiya, ya miƙo mini ƙunshin naman alade a ganyen ayaba, wai rabona na biki.

Na kai ƙara taron dangi. Pa Kenfack, babbanmu, ya saurara har na gama, sannan ya ce 'ya ba ta ƙarar ubanta, kuma abin 'ya na uba ne. Ya ce Firmin ya fitar da mu kunya, har yau Santchou zancen adon nan ake yi. Ya ƙara da cewa in kawo tulun bammi saboda na ɗaga murya a gaban kujera. Ni aka cuta, ni aka ci tara.

Na ce, "Pa, ku maimaita, kunnena ya tsufa. Ubana ne?"

"Ubanki ne."

"Madalla. 'Yar da ɗakinta ke yoyo, gidan wa take komawa?"

Da yamma na sauka a falon Firmin a Dschang da katifata, da tukwanena, da akuyata mai ciki. Matarsa Clarisse ta buɗe baki, na ce ta rufe, uwata ce yanzu, ta ɗora mini ruwan wanka. Kullum da safe in tsaya a ƙofar ɗakinsa in ce, "Baba, 'yarka tana jin yunwa." In ya yi baƙi, a gabansu nake roƙon kuɗin sabulu. Ya kai kuka wurin Pa Kenfack, aka ce masa uba ba ya korar 'yarsa.

Kafin ruwan farko, Firmin ya sauke kwanon rufi a Bafou. Na je na duba. Rabi ne, gefen gado kawai ya rufe, madafa tana kallon sama. Wai in yi haƙuri, kasuwa ba kyau. Ni zai gaya wa kasuwa ba kyau? Sabon dashena ko gwiwata bai kai ba, sai Allah ya kai mu wasu shekaru kafin in sake ganin shataletale.

Na koma ɗakina, don gadona na fi so. Akuyar dai na bar ta a falonsa, ta haifi biyu a bayan kujera. Sai ranar da ya rufe madafa zai kawo mini su.