Ranar da Baba Sati Ya Yi wa Shayi Alƙalanci

Tun ranar da likita a asibitin Shika ya ce wa Baba Sati ciwon sukari ya kama shi, safiya ta daina daɗi a gidansu na Samaru. Magani bai dame shi ba, yana haɗiye ƙwayoyinsa ba gardama. An rage masa tuwo, ya yi mita kwana biyu ya haƙura. Shayi ne ya zama rigima.

Shekara talatin da biyu ya yi yana aiki a gonar gwaji ta masu binciken noma, yana tantance irin dawa da gyaɗa, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa fita ba sai ya sha shayinsa mai kauri, madara har ya yi fari, sukari cokali huɗu. Ranar da 'yarsa Ƙauna ta kawo masa na farko ba sukari, sau ɗaya ya kurɓa ya ture kofin.

"Wannan ai ruwan wankin buta ne."

Ƙauna malamar firamare ce, ta saba lallashin masu taurin kai, amma mahaifinta ya fi ƙarfinta. Ta sayo shayin kanti na cikin 'yan jakunkuna, mai ƙamshin lemo da mai ƙamshin tuffa. Ya shinshina ya ce sabulu yake ji. Daga nan ya daina karyawa gaba ɗaya, sai ya sha magani da ruwa ya zauna a baranda, wajen hantsi jiri ya fara ɗibarsa. Abin ya tsaya mata a rai har a aji, tana rubutu a allo tana tunanin ko ya faɗi.

Abokiyar aikinta Winifred ce ta ce mata, "Ki shiga Sabon Gari, layin masu kayan ƙamshi, ki tambayi rumfar Iya Modupe. Idan matar nan ba ta samo masa abin da zai sha ba, to ki bari kawai."

Ranar Laraba da aka tashi daga makaranta ta hau bas ta sauka a bakin kasuwa. Ba ta sha wahalar nema ba, hanci ne ya kai ta. Rumfar ƙarama ce, amma kwalabe sun hau kanta har rufi: citta, kanumfari, kirfa, kimba, masoro, busasshiyar na'ana'a, ɓawon lemo da aka yanka siri-siri, garin goruba, zoɓo ja da fari. A tsakiyarsu wata dattijuwa ce zaune, siririya, ɗaurin kallabinta tsaf. Bayarabiya ce, amma a nan Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausar bakinta kuwa ko a cikin birni sai an tona.

Ƙauna ta durƙusa ta gaishe ta, ta zayyana mata komai. Ta zaci za a ɗauko kwalba a auna mata. Sai Iya ta shiga tambaya. Wane aiki ya yi? Yana cin goro? Yana son yaji? Da yana yaro a ƙauye, me yake tsinka ya ci a hanyar gona?

"Goruba," in ji Ƙauna. "Kullum sai ya ba mu labarin yadda ta cinye masa haƙori ɗaya. Aikinsa kuwa iri ne. Ƙwayar gyaɗa ɗaya zai ciza ya gaya miki saura kwana nawa ta bushe."

Iya Modupe ta ƙura mata ido, kamar an gaya mata abin da ta daɗe tana jira.

"To, 'yata, ba zan ba ki komai ki kai masa ba. Mutum irin wannan ba ya son a riƙa bi da shi kamar majinyaci. Ni zan zo da kaina ranar Asabar. Ki ce masa wata tsohuwa ce haɗe-haɗenta suka rikice mata, tana neman mai harshe ya raba mata gardama."

Ta yago takarda ta rubuta sunayen kayan da za ta yi amfani da su. "Ni ba likita ba ce. Ki nuna wa masu duba shi. Abin da suka ce a cire, a cire."

Ƙauna ta kai takardar Shika washegari. Nas ɗin ta soke zuma da dabino, ta ce goruba ma a yi kaɗan-kaɗan, sauran ba laifi. A hanyar dawowa Ƙauna sai murmushi take yi ita kaɗai, tana jinjina dabarar tsohuwar nan.

Ranar Asabar an yi ruwa da rana, ya ɗauke wajen la'asar. Keke ya sauke Iya Modupe a ƙofar gida da kwando a hannu. Baba Sati, wanda ya ce shi ba ruwansa da wata mai shayi, sai ga shi ya fito da farar riga mai guga har da hula. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Iya ta ƙi yarda a dafa a kicin. Ta sa aka kawo kurfoti baranda, ta fito da butarta da rariya da ƙananan kofunan gilashi guda biyar, ta jera su a tire. Gefe kuma ta ajiye ruwan ɗumi na kurkure baki.

Ƙauna ba ta taɓa ganin ana dafa shayi haka ba. Iya ba ta auna komai da cokali, da yatsu uku take ɗiba. Wani haɗin takan bar shi ya tafasa, wani kuwa sai ta sauke ruwan ya ɗan huce kafin ta zuba ganyen, ta rufe, ta jira. Hannunta ba ya gaggawa, ba ya kuma tsayawa.

"Malam Sati, ga na farko. Kada ku ji kunyata, abin da baki ya ji shi za ku faɗa."

Na'ana'a ce da ɓawon lemo. Baba ya ɗaga kofin ya duba launinsa a haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya bar shi ya zagaya baki kafin ya haɗiye.

"Ƙamshin ya yi alkawari, baki bai ga cikawa ba. Na mata ne masu hira bayan coci."

Iya ta yi dariya har da tafa hannu. "Su ne kuwa masu sayensa."

Na biyu zoɓo ne da kanumfari, ja wur. Ya yamutsa fuska ya ce wannan ai faɗa yake nema da mutum, a bar shi sai lokacin zafi. Ya kurkure baki da kansa ba a ce masa ba, ya gyara zama. Ƙauna ta lura kafaɗunsa sun miƙe. Rabonta da ta gan shi haka tun yana zuwa aiki.

A kan na uku ya daɗe. Ganyen shayi ne da kirfa, ba wani abu. Ya kurɓa, ya dubi Ƙauna da zargi.

"Kun sa sukari."

"Ko ƙwaya, Baba."

"Kirfa ce," in ji Iya. "Haka take, tana yi wa harshe wayo. Sai ku ji kamar zaƙi na tafe, alhali ba shi."

"Lallai tana da wayo. Amma ba ta da nauyi. Mutum zai sha ya tashi kamar bai sha komai ba."

Na huɗu goruba ce da ɗan kimba, launinsa kamar ƙasar da ta sha ruwa. Baba ya karɓa. Ya sha rabi, ya riƙe kofin da hannu biyu yana kallon bishiyar mangwaron tsakar gida, sannan a hankali ya ce, "Wannan ya san ni." Ƙauna ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta.

Saura na biyar, citta da kanumfari da masoro a kan ganyen shayi mai ƙarfi. Iya ta miƙa masa shi da alamar alfahari, ta ce shi ne wanda rumfarta ta yi suna da shi shekara ashirin. Baba ya kai hanci, ya tsaya. Ya kurɓa kaɗan, ya taɓe baki, ya sake shinshinawa.

"Iya, ba ni cittar da kika sa a nan."

Ta ciro guda daga ƙullin leda. Ya karya ta, ya duba cikin, ya ɗan ciza.

"Cittar Kachiya ce, mai kyau ce tun asali. Amma ruwa ya taɓa ta a wurin shanya, aka tattara ta ba ta gama bushewa ba. Ta fara funfuna daga ciki. Ba a gani, amma tana nan, can ƙarshen maƙogwaro, kamar warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba."

Kunya ta kama Ƙauna. Mata ta bar rumfarta, ta taso tun daga Sabon Gari don ta taimake su, ga shi ana kushe mata abin da take taƙama da shi. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Iya ta ɗaga mata hannu. Ta karɓi cittar ta shinshina, ta daɗe, ta kurɓi shayin. Sannan ta ajiye kofin.

"Ban ji ba," ta ce. "Gaskiyar magana ke nan, Malam, ban ji ba. Shekara biyu da suka wuce na yi wata mura mai zafi, tun daga nan hancina bai dawo daidai ba. Hannu ya san aikinsa, da shi nake tafiya. Amma wata biyu ke nan tsofaffin masu sayen wannan haɗin suna zuwa su ɗauki wani, ba wanda ya gaya mini dalili. Kunyata suke ji."

Ta juya ga Ƙauna. "Kin zaci dabara na yi miki ko? Rabi dabara ce. Da kika ce yana cizon gyaɗa ya faɗi kwanakinta, na ce a raina yau Allah ya kawo mini."

Ƙauna ta dube ta. Tsohuwar nan tana zaune a barandar mutanen da ba ta sani ba sai a makon nan, ta faɗi abin da ta ɓoye wa kasuwa guda, kuma ko muryarta ba ta yi rawa ba. Baba kuwa jikinsa ya yi sanyi. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Buhu nawa kika saya?"

"Biyu."

"A zazzage su a rana, a tsince. Ba duka ba ne suka lalace, zan nuna miki yadda ake ganewa. Wadda ta yi taushi a tsakiya, a zubar." Sannan ya jawo kofi na uku da na huɗu, ya juye ragowar kirfar a cikin gorubar, ya girgiza, ya kurɓa. "Kin ga, wannan tana da wayo, wannan tana da nauyi. Da za a samu citta mai lafiya a ɗan jefa, ko rabin yatsa, da an gama magana."

Ƙauna ta tashi da sauri ta ɗauko ɗanyar cittar miya a kicin. Iya ta kankare, ta daddaka, ta sake ɗora buta. Wannan karon a babban kofi aka zuba masa. Ya shanye tas, ya ce a kawo masa ƙosan da ya rage tun safe.

Kafin magariba suka raka Iya bakin titi. Tana hawa keke ta leƙo ta ce, "Malam Sati, Talata ake kawo mini kaya."

"Ƙarfe nawa?"

"Goma."

"Tara da rabi ina nan."

Haka kuwa aka yi. Duk Talata Baba Sati yakan karya kumallo da wuri, ya hau bas zuwa Sabon Gari. Iya ta sa an yi masa benci a gefen rumfa. Ba a sauke buhu sai ya karya, ya shinshina, ya ciza. Masu kawo kaya sun yi ta gunaguni da farko, musamman wani Ejike mai kawo kirfa, wanda aka mayar wa kaya sau biyu. Daga baya shi da kansa yake ware na kirki ya ce wannan na rumfar Iya ne, kada tsohon nan ya ba shi kunya a gaban mutane. Tsofaffin masu sayen haɗin citta suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Bai taɓa cewa sabon shayin ya fi na da ba. Idan aka tambaye shi, cewa yake yi sukari sukari ne, kada a yaudari juna. Amma ba ya fashin sha.

A hutun ƙarshen zango Ƙauna ta bi shi kasuwa wata Talata. Ta tarar da su biyun sun sa kofuna uku a gaba suna musu a kan ko masoro ya yi yawa a wani sabon haɗi. Iya ta ce bai yi ba, Baba ya ce ya yi. Da suka gan ta sai Iya ta jawo mata kujera, ta miƙa mata na tsakiya.

Ƙauna ta kurɓa ta haɗiye. "Da daɗi."

"Ji ta," in ji Baba. "Da daɗi. Ke ba a tambaye ki daɗi ba. Sake kurɓa, kada ki haɗiye da wuri. Me kika fara ji, me ya biyo baya?"

Ta sake kurɓa, ta rufe ido. Na'ana'a ce ta fara zuwa, sai wani ɗumi ya taso daga baya ya kama gefen harshe.

"Akwai abin da ke cizo a ƙarshe."

"Yawwa," Baba ya ce, ya dubi Iya. "Mu biyu ke nan."

Iya Modupe ta jawo kwalbar masoro ta rufe, tana cewa uba da 'ya sun haɗa mata kai, sannan ta sake ɗora ruwa.