Tagogi a kan Taswira

Da hantsi aka kira Auta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ita ta rubuta manhajar ɗakin da ake tura motocin ɗaukar marasa lafiya, yayarta kuma ita ce shugabar ɗakin, shi ya sa kiran bai zo da gaisuwa ba. Gada ta karye a bayan gari, waya ba ta hutawa, kwamfutoci kuwa sun koma tafiyar hawainiya.

Kallo ɗaya ta yi wa allo ta gane ciwon. Kowane kira yana buɗe 'yar taga a kan taswira, taga shara-shara, yadda ma'aikaci zai hango motoci suna tafiya ta ƙarƙashinta. Yau tagogi sun hau kan juna, kuma da mota ta gusa sai kwamfuta ta sake zana allon gaba ɗaya, tana gauraya launin kowace taga da na ƙasanta.

Ta ce a toshe tagogin kawai, su daina nuna abin da ke bayansu. Yayar ta ƙi, ta ce in taswira ta ɓuya ai ma'aikata sun makance.

"Auta, gyara za ki yi, ba rufe mana ido ba."

Auta ta ja kujera kusurwa ta duƙufa. Wurin da ya motsa kaɗai za a riƙa sake zanawa, inuwar tagogi a ajiye ta a daina sabunta ta, gaurayar launi kuma a bar wa katin hoto, sashen kwamfuta mai zana allo. A bayanta wata ma'aikaciya tana lallashin wani mutum a waya, tana ce masa mota na tafe, alhali allonta ya daskare, ba ta san inda motar take ba.

Babu sararin gwaji. A kwamfutar ma'aikaciyar nan aka fara sa gyaran. Allon ya yi baƙi ƙirin. Yayar ta dafa kafaɗar Auta, ta matse har da zafi. Can sai taswira ta dawo, ɗigon motar yana zarcewa sumul ƙarƙashin tagogi, ya miƙi hanyar gadar da ta karye.

Ma'aikaciyar ta fizgi rediyo ta juyo da direban, ta bi da shi ta wata hanya. Aka bi sauran kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Gefen tagogin ya ɗan yi kaushi, amma ban da Auta ba wanda ya lura.

Sai da yamma kira ya lafa. Yayar ta gifta ta gabanta da waya a kunne, ta ce kada ta tafi tukuna, na'urar firinta ma ta ƙi aiki.